RUWAN DA YA FITA TA RARIYARKA, INA YA TAFI?

Karatu: Ezekiyel 34:17-22, Kubawar Shari'a 23:12-14, Romawa 13:1-10.

 Lokacin da wannan takarda za ta shiga hannunku bazara ta kama, hadari ya fara leƙowa daga gabas, manoma sun gama sharar gona, kowa ya ɗaga kai yana duban sama. Ran Lahadi mu kan tsaya a gaban Allah mu roƙi ruwa, kuma daidai ne mu roƙa. Amma akwai tambaya guda wadda ba mu cika yi wa kanmu ba. In Allah ya ji roƙonmu ya sako ruwan, me ruwan nan zai tarar a bayan shagonmu, kuma gidan wa zai kai abin da ya tarar?

Bari mu fara da annabi Ezekiyel. A sura 34 Ubangiji ya soma da tsauta wa makiyaya, watau shugabanni, kuma wannan sashi ne mu fastoci mu ka fi jin tsoronsa. Amma daga aya 17 sai maganar ta juya ta koma kan garken kansa. Abin da annabin ya kwatanta, kowane yaron da ya taɓa kai dabbobi mashaya ya san shi. Ƙarfafa su ne su ke fara isa bakin ruwa. Su sha ruwa garau har su ƙoshi. Da ma su fito su ba na baya wuri. Ina! Sai su kutsa ciki da kofato su dama taɓo, su bar wa raunana da ƙanana ruwan laka. Ubangiji bai zarge su domin sun sha ba, gama shi ne ya ba da ruwan domin a sha. Laifinsu shi ne ɓata ragowar. Ya kuma yi alkawari shi da kansa zai zauna shari'a tsakanin dabbar da ta yi ƙiba da wadda ta rame.

Ku lura da kyau. Tunkiyar da ta dama ruwan ba ta yi nufin kashe kowa ba. Ta sha, ta taka, ta wuce, ta manta. Ko waiwaye ba ta yi ba. Duk da haka aka kira ta gaban shari'a.

Yanzu bari mu bar mashayar tumaki mu hau hanyar da ta tashi daga Funtua ta nufi Gusau, ta Mairuwa da Sheme da 'Yankara. Ku tsaya a kowane gari ran kasuwa cikin watan Afrilu, amma maimakon ku dubi kaya, ku dubi ƙasa. Ga bakanike ya kwance ƙasan mota, baƙin mai yana tsiyaya, har filin ya yi baƙi ƙirin kamar an zuba kwalta. Ga mai gyaran batir ya tuntsurar da ruwan tsohon batir a gindin bango. Ga masu wankin babur da mota, kumfa da maiƙo suna bin lambatu. A bayan mayanka jini ne da kashin tumbi sun yi tsibi, ƙudaje sun yi musu rumfa. Mai sayar da maganin feshi ya jefar da robobin da su ka ƙare, wani yaro ya tsinci ɗaya zai kai gida a zuba ruwa. Mai rini ya watsar da ragowar ruwan kala. Leda kuwa ba a magana, ta cika kwalbati har bakinsa. Tun daga watan Oktoba ba a yi ruwa ba, watau wata shida ko bakwai ke nan duk abin nan yana taruwa, yana kwance yana jira.

Sai ruwan farko ya sauko. Masu binciken ruwa sun auna sun tarar ruwan da ya fara gudu a ƙasa shi ne ya fi ɗaukar dauɗa. Iyayenmu mata sun riga su sanin wannan, gama ba su tarar ruwan farko na indararo domin sha, su kan bari ya wanke rufi tukuna. To, abin da ruwa ya ke yi wa rufin kwano shi ya ke yi wa gari duka. Ya wanke shi tas, amma ba ya ɓatar da dauɗar, ɗauka kawai ya ke yi ya kai wani wuri.

Mu yi ɗan lissafi, ba mai wuya ba ne. In aka yi ruwa milimita 1, kowane fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi ya sami lita 1. Garejin da ya ke mita 20 tsawo da mita 20 faɗi, in aka yi ruwa mai kyau na milimita 25 a dare guda, lita 10,000 ke nan ta sauka a kansa, watau ganga 50 irin mai cin lita 200. Ƙasar gareji kuwa ta taurare da mai da tayar mota, ba ta shan ruwa sosai. Mafi yawan gangunan nan sai su bi ta kan baƙin mai su fita ta rariya. A ƙasarmu kuwa a kan sami kusan milimita 1,000 a shekara. Hukumar kula da muhalli ta Amurka ta daɗe tana faɗakarwa cewa galan 1 na baƙin mai yana iya ɓata galan miliyan 1 na ruwan sha.

Ina ya ke tafiya? Da fari kududdufin bayan gari, inda yara su ke wanka, mata su ke wanki, magina su ke ɗiba, awaki su ke sha. In ya cika ya bi ƙorama ya shiga fadama, inda masu lambu su ke jiransa da rani. Wani ya nutse ƙasa ya sadu da rijiyoyin da ba su da zurfi. Allah kuwa ya zaunar da mu a kan tudu, ba a gangare ba. Madatsar ruwa ta Mairuwa, wadda aka gina domin mutanen Funtua su sha, a ƙasar Faskari ta ke. Gulbin Sakkwato kuma daga wajen Funtua ya faro, ya bi ta Gusau, ya cika madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, ya sadu da Gulbin Rima, daga nan har Kwara. Watau a cikin garken nan mu ne masu fara isa mashaya. Na bayanmu suna da yawa, kuma yawancinsu ba za mu taɓa ganin fuskarsu ba.

Za mu ba ku labari, ko da ya ke da kunya a cikinsa. Akwai wani ɗan'uwa a cikinmu, bakanike ne, mutumin kirki, ba ya fashin sujada, ba ya wasa da zakka. Shekaru da yawa yana zubar da baƙin mai a wani ɗan kwari bayan shagonsa. A ƙasan kwarin akwai wata gwauruwa wadda tashin hankali ya kore ta daga ƙauyensu, aka ba ta aron ɗan fili tana shuka alayyafo da yakuwa, tana kiwon agwagi. Da ruwan farko ya zo sai ya kwaso man nan ya shimfiɗa a kan shukarta, ya shiga ramin da ta ke tara ruwa. Shuka ta ƙone, 'ya'yan agwagi su ka mutu. Ba ta kai ƙara ba, gama baƙuwa ce, tana jin tsoro. A wajen ziyara ne mu ka gani. Da mu ka yi wa ɗan'uwan magana sai ya ce, "Fasto, ai ni ban taɓa zuba kome a filinta ba." Gaskiya ya faɗa, bai zuba ba. Ruwan sama ya aika ya kai masa.

Mu ka komo gida muna jin mun faɗi gaskiya. Washegari da safe sai mu ka zaga bayan injin niƙan da ekklesiya ta kafa domin taimakon mata. Me za mu gani? Mu ma haka mu ke yi. Duk man da aka juye daga injin nan tun ran da aka kafa shi yana nan a gindin katanga, hanyarsa kuwa ta miƙe zuwa rijiyar unguwa. Saboda haka wannan wa'azi ba daga kan dutse mu ke yi muku shi ba. Mu ma kofatonmu da laka.

Wanda ya ke so ya ga inda abin nan ya ke kai mutane in ya girma, ya tafi Kano. Jima da rini tsofaffin sana'o'i ne a can, marinar Ƙofar Mata ma a kan ce tun 1498 ta ke. Amma majema na dā da bagaruwa da toka su ke aiki, marina kuwa da baba. Da manyan masana'antu su ka zo Bompai da Sharaɗa da Challawa sai aka koma jima da sinadari, musamman wani mai suna kuromiyam, aka koma rini da kalar kanti. Ruwan dattin Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, su gangara madatsar Wasai. Na Sharaɗa da Challawa yana sauka a kogin Challawa. Malaman jami'a sun auna ruwan nan da ƙasar bakinsa sau da yawa, sun tarar da ƙarafa masu guba a ciki, har a cikin ganyen da a ke nomawa da shi. Wanda ya tsaya a bakin Jakara ba ya bukatar ma'auni, hancinsa ya isa. Mai masana'anta ya sayar da fata ya karɓi kuɗi, yana shan ruwan gora. Mai lambu da mai sayen latas su ne su ke shan ragowar. In wannan ba Ezekiyel 34 ba ne, to, mene ne?

Amma ba sai mun je Kano ba. Maƙwabtanmu na yamma sun ga abin da ya fi wannan ciwo. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF su ka lura yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, kamar su Dareta, Abare, 'Yargalma da Bagega. Yaro ya kama jijjiga, ya sandare, ya tafi. Aka yi zaton zazzaɓi ne ko sanƙarau. Ashe gubar dalma ce. Mutane sun sami dutse mai zinariya, su ka riƙa kawo shi cikin gida suna dakawa a turmi, suna niƙawa da injin, suna shanyawa a tsakar gida, suna wankewa a bakin tafki. Dutsen kuwa cike ya ke da dalma. Ƙura ta shiga ƙasar da yara su ke rarrafe a kai, ta shiga abinci, ta shiga tafkunan gari. Yara fiye da 400 su ka mutu, dubbai kuma su ka bukaci magani, waɗansu ƙwaƙwalwarsu ta taɓu har iyakar ransu. Kafin a iya yi musu magani sosai sai da aka kankare ƙasar gidaje aka kai ta rami aka binne, aka zubo sabuwa. Bagega ba ta sami wannan aiki ba sai 2013. A 2015 kuma irin wannan ya sake faruwa a ƙasar Rafi ta jihar Neja.

Iyayen yaran nan ba miyagu ba ne. Abinci su ke nema, kamar yadda mu ke nema. Ba su sani ba. Mu kuwa yanzu mun sani, kuma wanda ya sani ba a yi masa hisabi irin na wanda bai sani ba. Muna faɗin wannan ne domin a ƙasarmu ma akwai masu haƙar ma'adini, Ƙanƙara ta yi suna da farar ƙasa, samarinmu kuma da yawa su kan tafi neman zinariya. Dalmar da ta kashe yaran Zamfara kuwa ita ce a cikin batirin mota da na sola wanda a ke fasawa a gefen kasuwa.

Yanzu mu zo ga maganar doka. Waɗansu masu-bi suna tsammani dokar tsafta abin Turawa ne, ko kuwa dabarar ma'aikata ce ta karɓar kuɗi. Su buɗe Attaura. Tun Isra'ilawa suna cikin jeji Allah ya umurce su su keɓe wuri a bayan sansani domin biyan bukata, kowa ya riƙe abin tona ƙasa, ya rufe abin da ya fita daga jikinsa. Dalilin da aka bayar kuwa shi ne Ubangiji yana yawo a cikin sansanin. A Fitowa 21 mutumin da ya haƙa rami bai rufe ba, dabbar wani ta fāɗa, shi zai biya. A Fitowa 22 wanda ya kunna wuta ta ƙetare ta cinye hatsin wani, shi zai biya, ko da bai yi nufi ba. A Kubawar Shari'a 22 wanda ya gina gida sai ya ja katanga a kan soro domin kada wani ya fāɗo. Duk waɗannan hukunci guda su ke koyarwa: abin da ya tashi daga wurinka ya cuci wani, naka ne, ko wuta ce ta kai shi, ko iska, ko ruwa. "Ban zuba a filinta ba" ba ta tsayawa a gaban Musa.

A ƙasarmu Nijeriya sai da aka sha wuya kafin a farka. A 1987 da 1988 aka kawo sharar guba daga Italiya, fiye da tan 3,000, aka jibge a garin Koko wanda yanzu ya ke cikin jihar Delta. Da asiri ya tonu a 1988 sai gwamnati ta yi doka mai tsanani a kan sharar guba, har da ɗaurin rai da rai, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta ƙasa. A 1991 aka yi ƙa'ida cewa kowace masana'anta ta kafa abin tace ruwan dattinta kafin ta sake shi. A 2007 aka kafa hukumar NESREA, ita kuwa a 2009 ta fitar da ƙa'idodi a kan shara da tsafta, da masaƙu da majemu, da haƙar ma'adini, a 2011 kuma a kan tsare ruwan sarari da na ƙarƙashin ƙasa. Tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa gwamnati nauyin tsare ruwa da iska da ƙasa, kuma a jadawalinsa na huɗu ya ba ƙaramar hukuma kula da kasuwa, da tasha, da mayanka, da magudanan ruwa, da kwasar shara. Watau maganar lambatun kasuwar garinku ba sai an je Abuja ba. Tana hannun ƙaramar hukuma, da ma'aikatan duba-gari, da hakimi da dagaci da mai unguwa, da sarkin kasuwa da sarkin fawa.

Dattawanmu suna tuna duba-gari na zamanin En'e, wanda ya kan shiga gida ya leƙa randa, ya duba masai, ya sa a ci mutum tara. Ba a ƙaunarsa, amma ana shara in an ji yana zuwa. Yau doka ta fi ta dā yawa a takarda, amma idon da zai duba ya yi kaɗan.

Ba mu kaɗai mu ka bi ta wannan hanya ba. A Amurka kogin Kuyahoga na birnin Kilibilan ya kama wuta a 1969 saboda yawan man da ke kansa. A 1972 su ka yi babbar doka ta tsaftar ruwa. Amma da su ka tsare bututun masana'antu sai su ka ga koguna ba su warke duka ba, gama ruwan sama yana ta wanko filayen aiki da tituna. Sai a 1987 su ka ƙara wa dokar sashi a kan wannan. Masana'antu iri iri sai sun nemi izini, su rubuta yadda za su hana ruwan sama taɓa kayansu masu guba. In ka karanta abin da a ke bukata a wurinsu sai ka yi mamaki, gama yawancinsa ba na injiniya ba ne. A rufe kaya, a tare yoyo, a share da tsintsiya maimakon a kora da ruwa, a koya wa yaran shago. Duk mai shago a Sheme yana iya yinsa.

Mun san abin da waɗansu za su ce. Wani zai ce, "Mu talakawa ne, a je a kama masu masana'anta." Akwai gaskiya a ciki. Wanda ya fi ɓarna shi ya fi alhaki, kuma ba mu yarda da ma'aikacin da zai tsare mai tuyar ƙosai ya sara wa mai babban kamfani ba. Annabawa ba su yi shiru a kan irin wannan ba, mu ma ba za mu yi ba. Amma a Faskari ba mu da Bompai. Abin da mu ke da shi ƙananan shaguna ne da yawa, kuma kududdufi ba ya tambaya ko man nan daga babban wuri ya fito ko daga ƙarami.

Wani kuma zai ce, kuma wannan ce ta fi nauyi, "Fasto, 'yan bindiga sun hana mu barci, an kashe, an sace, gonaki sun zama kufai, kai kuwa kana maganar lambatu?" Ya ɗan'uwa, mun ji ka. Mu ma mun binne namu. Ba wanda ya manta watan Disamba na 2020, sa'ad da aka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara. Amma ka duba inda waɗanda aka kora su ka sauka. Sun sauka a gefen gari, a kangaye da makarantu, a gangare inda ba mai so. Ba su da kuɗin sayen ruwan jarka. Su ne su ke ɗiba a kududdufi da rijiyar da ba ta da murfi. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, jihar Katsina kuwa tana cikin waɗanda su ka fi shan wuya. Wannan cuta ta bakin ruwan da ƙazanta ta shiga ta ke bi. Mutumin da ya tsira daga bindiga a daji, ya zo garinmu ya fake, in ɗansa ya mutu da ruwan da mu ka ɓata, me za mu ce? Bindigar ba mu da ikon karɓe ta. Gangar baƙin mai kuwa tana hannunmu.

Manzo Bulus a Romawa 13 ya haɗa abu biyu a sura guda: biyayya ga mahukunta, da ƙaunar da ba ta cutar maƙwabci. Ya ce mu yi biyayya ba domin tsoron hukunci kaɗai ba, amma saboda lamiri. Ashe mai-bi ba ya jiran duba-gari. In ma'aikaci ya zo, ya tarar an riga an yi. In bai zo ba har abada, an yi dai. Kuma kada mai-bi ya miƙa cin hanci domin a kau da ido daga lambatunsa, gama ya haɗa zunubi biyu ke nan.

To, me za mu yi? Bakanike ya nemi ganga mai murfi da faranti mai faɗi, ya tari mai a faranti ya juye a ganga, ya ajiye ta a ƙarƙashin rumfa a kan dakali. Akwai masu sayen baƙin mai, ba asara zai yi ba. In ya zube, ya zuba yashi ko garin katako ya tsotse, ya kwashe, kada ya kora da ruwa. Ya ja ɗan tudu kamar kunyar gona a saman filinsa domin ruwan da ya gangaro ya kewaye wurin aiki. Tsohon batir a sayar da shi ɗungum ga masu saye, kada a fasa, kada a kai shi ɗakin da yara su ke kwana. Mai wankin mota ya haƙa rami ya cika da tsakuwa da yashi, nesa da rijiya aƙalla mita 30.

Mahauta kuwa suna da aya tasu. A Levitikus 17 an umurci maharbi ya tsiyaye jinin abin da ya kama ya rufe da ƙasa. Rami mai murfi domin jini, kashin tumbi kuma a tara a gefe ya ruɓe. Taki ne mai kyau, a wannan zamani na tsadar takin kanti manoma za su saye shi da murna.

Maganin feshi shi ne ya fi ba mu tsoro, gama kusan kowane gida yana taɓa shi. Robar da ta ƙare a ɗauraye ta sau 3, a juye ruwan ɗaurayar cikin tankin feshi a fesa a gona, sa'an nan a huda robar domin kada kowa ya zuba ruwa ko man girki a ciki. Kada a wanke tanki a rafi ko a bakin rijiya. Kada a yi feshi hadari yana kai. Masu zuba magani a ruwa domin kama kifi kuwa, in akwai su a cikin masu-bi, dattawan ekklesiya su kira su su yi musu magana kamar yadda za a yi wa wanda ya sa guba a tukunya.

Kada ekklesiya ta yi wannan a ɓoye ita kaɗai. Allah yana sauko da ruwansa a kan kowa, kududdufi kuma ɗaya ne. Maƙwabtanmu Musulmi suna bukatar ruwa mai tsarki sau biyar a rana, malamansu kuma suna hana ƙazantar da ruwan da ke tsaye. Dattawa su tafi wurin mai unguwa da liman da sarkin kasuwa da ladabi, su ce ga abin da mu ka gani, ga abin da mu ka fara yi a wurinmu. A roƙi ƙaramar hukuma ta nuna wurin zubar da shara wanda ba a bakin ƙorama ba, a yashe kwalbatoci kafin ruwa ya zauna, abin da aka yaso kuma a kwashe shi, kada a tara a bakin lambatu ruwa ya maishe shi ciki, kamar yadda mu ka saba gani ran tsaftar gari.

Ɗan'uwan nan bakanike, bayan kwana uku ya zo gida da dare. Ya ce ya karanta labarin Zakka a Luka 19, ya kasa barci. Ninki huɗu ya fi ƙarfinsa, amma ya kai wa gwauruwar buhun masara da agwagi biyu, ya sa yaransa su ka kankare ƙasar da man ya ɓata su ka zubo mata sabuwa. Yanzu akwai ganga shuɗiya a ƙarƙashin rumfarsa. Kwarin da ya ke zubawa a dā kuwa har yau ko ciyawa ba ta fito a kai ba.

Saura namu. Ran Asabar mai zuwa da ƙarfe 7 na safe ƙungiyar maza da matasa za su taru a bayan injin niƙa, kowa da shebur ko kwando, Zumuntar Mata kuma ta ɗauki nauyin kunu. Za mu kankare ƙasar, mu gina dakali, mu ɗora ganga, sa'an nan mu kira ma'aikacin lafiya ya duba rijiyar unguwa. Ekklesiyar da ta zaga bayan nata ginin ta ga wani abu, ta rubuto wa Edita ta faɗi abin da ta gani da abin da ta yi.